Daga Lyari Zuwa Shandur a Motar Kifi

A unguwar Lyari ta birnin Karachi, da wuya ka sami namijin da bai taɓa zagin Ustad Dilmurad ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hura usur a filayen ƙwallon unguwa, kuma a wurin da yaro ke fara harbin ƙwallo kafin ya iya ɗaure wandonsa, alƙalin wasa ba ya komawa gida da mutuncinsa cikakke. An kira shi makaho, an kira shi ɗan haya. An taɓa jifansa da takalmi wari ɗaya, ya ɗauka ya tafi da shi gida, ya ce mai shi ya zo da ɗayan ya nuna a ba shi. Amma in gari ya waye, masu zagin nan su ne ke matsa masa wuri a bencin mai shayi, domin kowa ya san bai taɓa hura usur don abin hannun wani ko don tsoron wani ba, har a shekarun da 'yan bindiga suka riƙe lunguna suna zuwa kallo da makami a ƙugu.

Ba usur ke ciyar da gidansa ba. Jigilar kifi ce sana'arsa. Da an sallame sallar asuba sai ya ja 'yar farar Suzukinsa mai kama da akwati zuwa gaɓar da kwale-kwalen masunta ke sauke kaya, ya loda kifi da jatan lande cikin ƙanƙara, ya bi gidajen abinci yana saukewa kafin rana ta yi zafi. Ƙarnin kifi ya shiga motar nan har cikin ƙarfenta. Matarsa Granaz ta wanke ta da omo, ta goge ta da lemun tsami, ta turara ta da turaren wuta, daga ƙarshe ta haƙura ta raɗa mata suna Kwando.

'Ya'yansu biyu. Babban, Shahdad, yana aikin walda a Maskat. Ƙaramar ita ce Zarrin, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin yara, doguwa kamar ubanta, marar yawan magana kamar ba Granaz ta haife ta ba. Tsakaninta da uban akwai ladabi, akwai kula, amma akwai wani wuri guda da ba sa taɓawa. Lokacin tana 'yar shekara goma sha biyu, babu yaron da ke iya ƙwace ƙwallo a ƙafarta a lungunsu. Wata rana a wurin mai shayi wani ya ce, "Ustad, yaushe za mu zo kallon 'yarka da gajeren wando?" Aka tuntsire da dariya. Dilmurad ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya shiga lungu, ya ɗauke ƙwallon ana tsakiyar wasa, ya ce da ita ta wuce gida. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Daga ranar ba ta sake yi masa zancen ƙwallo ba, shi ma bai yi mata ba, har shekara goma sha bakwai.

Gwiwa ce ta raba shi da fili. Yana da sittin da biyu, a wani wasa mai zafi, aka kai hari, ya zabura zai bi, ƙafar ta ƙi. Ƙwallo ta haura layi ko ba ta haura ba, yana can tsakiyar fili bai gani ba. Ya tambayi mai tuta, ya yanke hukunci, aka tashi lafiya. Amma da ya shiga mota sai ya cire usur daga wuyansa ya jefa a aljihun gaba, ya ce ya gama. Ba wanda ya kore shi.

Sai ya zama fitina a gida. Ƙarfe goma ya dawo daga kifi, sauran yinin duk nasa ne, ba abin yi. Ya fara yi wa Granaz alƙalancin gishirin miya da na yadda ake shanya kaya.

"Baban Zarrin," in ji ta wata hantsi, "ko dai ka koma fili a ci gaba da zaginka, ko ka fitar da ni daga garin nan. Shekara talatin da biyar da aure, iyakata Haidarabad, ita ma gaisuwar mutuwa."

"To ina kike son zuwa?"

"Inda ake jin sanyi ba da fanka ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. An riga an sa bikin Zarrin da wani malamin makaranta da ta zaɓa da kanta, lokacin sanyi mai zuwa. Granaz ta ce, "Yarinyar nan ta kusa barin gidan nan. Ina so mu ukun mu ga wani abu tare da ba bangon ɗakin nan ba."

Dilmurad ya yi kwana biyu yana juya maganar. A na uku ya ciro kalanda daga bango, ya juya bayanta, ya fara rubuta sunayen wuraren da ya shekara arba'in yana ji a rediyo bai taɓa gani ba: filin kurket na Multan, garin Gojra na 'yan ƙwallon gora, fagen kokawar Lahore, sai can ƙarshen ƙasa, Shandur, inda ake ƙwallon dawaki a saman duwatsu a farkon watan Yuli. Granaz ta karɓi fensirin ta ƙara nata a gefe: hubbaren waliyyan Multan, babban masallacin Lahore, kasuwar yadi, dusar ƙanƙara.

Da labari ya isa wurin mai shayi aka samu abin yi na mako guda.

"Ustad, a Kwando? Wallahi Haidarabad ma sai an tura."

"Ka ɗebi kyanwa biyu su raka ku, dama duk na unguwar nan sun san lambar motar."

"Ku dai ku nemi wanda za ku zaga kafin in dawo," in ji shi.

Granaz ta karɓo tsohon filafilin jirgin ruwa, wato ƙyallen da iska ke turawa, a wurin wanta masunci, ta yi kwana tara a kan keken ɗinki, ta karya allura ba adadi, ta fito da tanti mai ɗaki biyu. Zarrin ta ɗauki hutunta na shekara. Dama ta iya tuƙi tun shekarar da zazzaɓi ya kwantar da uban, ita ta riƙa kai kifi kafin ta wuce asibiti. Aka cire kwandunan kifi, aka shimfiɗa katifa a baya, aka loda risho, tukunya biyu, buta, buhun shinkafa, jarkar ruwa, da barguna aro daga maƙwabta waɗanda su ma ba su san ranar amfaninsu ba. Wata asubar tsakiyar watan Yuni suka fita.

Zafin lardin Sindh bai yi musu da sauƙi ba. Sai suka tsara tafiyarsu irin ta direbobin manyan motoci: a tashi da asuba, kafin azahar a nemi inuwar masallacin gidan mai a fake, sai la'asar a ci gaba. Zangon farko a gonar dabino suka yi kusa da Khairpur. Sau uku suna kafa tantin yana rushewa, Dilmurad yana ba da umarni, Granaz tana ba da wani daban, Zarrin tana riƙe da sanda a tsakiya tana kallon sama. A karo na huɗu ya tsaya. Suna cikin murna sai ga mai gonar da gadajen igiya uku da ƙwaryar nonon ɓauna, yana rantsuwa baƙo ba zai kwanta a ƙasa a gonarsa ba. A duk tafiyar nan, babbar wahalar tanti ita ce samun mutanen da za su ƙyale su su kwana a cikinsa.

Sun bi ta bakin kogin Sindhu a Sukkur, Granaz tana leƙe ta taga tana cewa ruwan da ba gishiri ai bai cika ruwa ba. A Multan ta samu nata. Ta shiga hubbare bayan hubbare, ta watsa wa tattabaru hatsi, ta shafa bangon nan mai shuɗin ado, ta yi wa Zarrin addu'a da ƙarfi har yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska. Mangwaro kuwa suka sha har suka daina dafa abincin rana.

Filin kurket a rufe suka same shi, ba wasa, ba kowa sai maigadi a kan kujera. Dilmurad ya tsaya yana leƙe ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Maigadin ya dubi lambar motar, ya dubi tsohon, ya ce, "Daga Karachi? Don wannan?" Sai ya buɗe ƙaramar ƙofa ya ce minti goma.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana gudu a kan tsakuwa da turɓaya ya tsaya a bakin ciyawa shar, ya kasa takawa. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, sannan ya shiga a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya. Ya yi tafiya har tsakiya, ya durƙusa ya shafa, sai kawai ya miƙe a rigingine.

"Ammi, dubi Abba," in ji Zarrin.

"Ƙyale shi. Ni bai taɓa kallona haka ba."

Minti goman ta zama awa guda, domin maigadin ya ɗora shayi.

A Gojra yini ɗaya suka yi. Sun tarar da yara sun fi ɗari a fili tun sassafe, kowa da sandarsa, wasu an ɗaure su da tsumma da salatif. Dilmurad ya zauna kusa da wani tsohon mai horarwa, kafin rana ta take sun yi faɗa sau biyu a kan wane wasa ya fi buƙatar ƙwaƙwalwa, suka kuma ci abinci a kwano ɗaya. A hanyar Lahore wani ɗan sanda ya tsayar da su a shinge, ya ga mace a sitiyari, ya ce a buɗe baya. Yana zura kai ya ja da baya.

"Baba, me kuka ɗauko?"

"Tanti ne da kayan girki, ɗana."

"Tantin ne ya ruɓe?"

Granaz ta yi dariya har da hawaye, kuma ba ta daina maimaita maganar ba sai da suka bar lardin Punjab.

Lahore kwana uku suka ba ta. Sun kafa tanti a harabar wani fagen kokawa a bakin gari, da izinin mai wurin, wani ƙaton dattijo mai suna Pahalwan Inayat wanda kunnuwansa suka murɗe saboda shekarun kokawa. Da safe sukan shiga gari. Granaz ta tsaya a tsakar babban jan masallacin, ta juya ta sake juyawa, ta ce ashe akwai wurin da mutum zai ji shi ƙarami kuma ya ji daɗin hakan. Suka zaga fadar sarakunan da, suka ci gurasa da ƙafar akuya a tsohon gari, mata biyun suka ɓace a kasuwar yadi awa huɗu, Dilmurad yana zaune a shagon mai gyaran agogo yana jinyar gwiwa. Da la'asar kuwa sai ya zauna a bakin fage yana kallon samari sun shafe jiki da mai suna kai juna ƙasa a kan jar ƙasa mai laushi da aka cuɗa da man wani iri da suke kira mastad.

"Ustad, ka tuɓe mu gwada," in ji Pahalwan Inayat. "Sa'anka nake."

"Ni aikina raba faɗa ne, Pahalwan."

"Mutanen Karachi ke nan. Baki kamar reza, ƙafa kamar tsinke." Ya miƙa masa kofin madarar almon, wata irin gyaɗa, mai sanyi. Sannan ya nuna Zarrin da haɓa, tana can tana duba ruwan lagireto. "Waccan kuwa tafiyar 'yan wasa gare ta. Me take bugawa?"

"Ba ta buga komai," in ji Dilmurad. Ya kau da kai ya sha madarar.

Daga nan hanya ta fara hawa. Ruwan farkon damina ya same su a bayan Islamabad, tantin ya yi yoyo daidai kan Dilmurad, Granaz ta ce ɗinkinta lafiya lau, kafawar ce ba daidai ba. Suka bi ta Dir, suka shiga doguwar hanyar nan da aka huda ta cikin dutsen Lowari, Granaz tana jan carbi ido a rufe. Da suka fito ta ɗaya gefen iska ta canja. Kusa da Chitral Zarrin ta tsayar da mota ba wanda ya ce ta tsaya, ta ce, "Ammi, fito." Can sama da gajimare wani farin dutse ya tokare sama. Granaz ta daɗe tana kallo, ta ja bargon maƙwabta ta yafa, ta ce a ɗauke ta hoto a aika wa Shahdad, a kuma tabbata bargon ya fito.

Saura yini ɗaya su isa Shandur hanya ta yanke. Rana ta narkar da ƙanƙarar kan tsauni, ruwa ya kwaso laka da duwatsu ya binne titi gaba da baya, ya bar su da wasu motoci a wani ƙaramin ƙauye bayan Buni. Aka ce sai motar ture ƙasa ta zo, kwana biyu ko uku. Dilmurad ya zauna a kan dutse ya ciro kalandarsa yana duba ranaku, ransa a ɓace.

Wata mata mai tabarau ta zo ta gaishe su da Urdu mai kyau. Malama Nigar ce, shugabar makarantar 'yan mata ta ƙauyen. Ta kai su lambun mahaifinta a bakin rafi, ƙarƙashin itatuwan da suke kira kubani, 'ya'yansu masu zaƙi sun nuna suna zubowa, ta aiko da gurasa mai kauri da shayi mai gishiri. Granaz ta kurɓa ta yamutse fuska, ta kurɓa na biyu, ta miƙa kofi a ƙara.

Washegari da hantsi Malama Nigar ta dawo da damuwa a fuskarta. Ta ce yau ne wasan ƙwallon ɗalibanta da na ƙauyen ƙetaren rafi, sun yi wata biyu suna shiri, baƙin ma sun riga sun taho a ƙasa ta hanyar awaki. Amma malamin da zai yi alƙalanci yana can bayan zaftarewar. "Jiya na ji Ammi tana cewa kai alƙalin wasa ne, Ustad."

"Na daina," in ji shi. Sai kuma ya ce, "'Yan mata?"

"'Yan mata."

"Iyayensu sun sani?"

Malama Nigar ta yi murmushi. "Iyayensu ne suka share filin."

Ya dubi Granaz, ta ɗauke kai tana tsince shinkafa. Ya dubi Zarrin, tana wanke tukunya kamar ba ta ji ba. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya ba. Malama Nigar ta ce filin ƙarami ne, rabin na gari. Sai ya tashi ya nufi mota, aka ji ƙarar buɗe aljihun gaba.

Filin wani shimfiɗaɗɗen wuri ne tsakanin gonar alkama da rafi, ragar kuwa sandunan itace. Mutanen ƙauyuka biyu sun zauna a kan katangar duwatsu, tsofaffi da hulunan ulu, mata da jarirai. 'Yan wasan suna sanye da dogayen wanduna da ɗankwali ɗaure tam. Dilmurad ya duba ragar, ya auna tazarar bugun fenariti da taku, ya tara su ya yi musu gargaɗin da ya saba yi wa ƙattin Lyari, yaran suna ƙunshe dariya. Ya hura.

Minti biyar da farawa ya manta ko su wane ne ke bugawa. Ƙwallo ce kawai, da masu son ta. Akwai wata 'yar siririya mai lamba bakwai da aka rubuta da alli, tana yanka kamar wuƙa. Akwai mai tsaron gida da ke faɗuwa a kan tsakuwa ta tashi ko kakkaɓewa ba ta yi. Ya hura satar gida, wani tsoho ya miƙe a kan katanga ya zazzaga masa magana da yarensu. Dilmurad bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane ta sarai, har ya ji wani sanyi a ransa. Aka tashi biyu da ɗaya, baƙi suka ci.

Ana cikin watsewa wata yarinya ta buga ƙwallo ta yi sama, ta nufo inda matan Karachi ke zaune. Zarrin ta miƙe. Ba ta sa hannu ba. Ta tare ta da ƙirji, ta sauke a cinya, ta ɗaga da bayan ƙafa, silifas a ƙafarta, ta yi ta jefa ta daga dama zuwa hagu ba ta taɓa ƙasa ba, sannan ta aika ta daidai ƙafar mai lamba bakwai a can tsakiyar fili. Yaran suka yi ihu, suka yanyame ta suna kiranta Baji, wato yaya, "Baji, shigo! Baji, don Allah!" Nan take aka haɗa wani wasan, malamai da manyan 'yan mata gefe guda, ɗalibai gefe guda.

Dilmurad ya yi alƙalancin wannan ma, in dai za a kira tsayuwa wuri ɗaya baki buɗe alƙalanci. Ƙafar da aka raba da ƙwallo shekara goma sha bakwai ba ta yin abin da yake gani. Zarrin ta ci biyu, ta ba da ɗaya, tana dariya da ƙarfi irin wadda rabonsa da ji tun tana ƙarama.

Da suka koma lambu ya zauna a bakin tanti yana matsa gwiwa. "A ina kika ci gaba da bugawa?" ya tambaya.

Zarrin ta dubi uwarta. Granaz ta ce, "A makarantar jinya, bayan ɗakin kwanansu. Yanzu kuma duk Lahadi da safe, ita da abokan aikinta. Kana tsammani duk Lahadin duniya aiki take zuwa? Takalmanta suna cikin buhun shinkafar da ke bayan ƙofa, shekara nawa kana wucewa ta gabansu."

"Kowa ya sani?"

"Har mai shayinku. Har wanda zai aure ta, can ma ya fara ganinta."

"Sai ni."

"To ai dama sun sha faɗa maka ba ka gani," in ji Granaz, ta miƙa masa shayi.

Bai yi dariya ba. Washegari da sassafe ya tarar da Zarrin a bakin rafi tana ɗauraye kofuna, ruwan yana sa yatsunta ja. Ya tsuguna da ƙyar kusa da ita, ya karɓi kofi ɗaya yana juyawa a hannu.

"Shekara talatin da ɗaya," ya ce, "an nuna mini bindiga a fili ban canja hukunci ba. Sau ɗaya tak na yanke hukunci don tsoron bakin 'yan kallo. Naki ne."

Ta ci gaba da wanki. Can ta ce, "Na ji haushinka, Abba. Na daɗe ina ji. Da na fara aiki na ga yaran da ake kawowa da harsashi a shekarun nan, sai na ce ƙila tsoro ne ya sa ka."

"Ba wannan tsoron ba ne. Da shi ne da na ce miki. Dariyar mutum biyar ce a kan benci."

Ta ɗago ta dube shi, idonta ya kawo ruwa, amma bakinta yana murmushi. "To yanzu ya ka ga ƙafar hagun?"

Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Kina jinkirin sakin ƙwallo. Sau biyu mai lamba tara tana fili ke kina ta ado."

"Abba!"

"An tambaye ni ne."

A rana ta uku aka buɗe hanya. Kwando ba za ta iya sauran hawan ba, sai suka bar ta a lambu suka bi jif ɗin ƙanin Malama Nigar, tanti a ɗaure a sama. Ranar wasan ƙarshe suka isa Shandur. Fili ne a saman duniya, ga tafki, ga tantuna dubbai, nasu na filafilin jirgi ya fita daban har mutane suna tsayawa tambaya. Numfashi ya yi wa Dilmurad wuya, sai ya yi taku goma ya huta. Aka saki dawakin Chitral da na Gilgit, ganga da algaita suna tashi, mahaya suna gwabza kafaɗa, wani ya cafe ƙwallo a iska ya ruga da ita. Dilmurad ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina alƙalin?" ya tambayi na kusa da shi.

"Babu, Lala," in ji shi, yadda suke kiran babban wa. "Nan ba a sa alƙali."

"To wa ake zagi?"

Mutumin ya yi tunani. "Dokin," in ji shi.

Sun dawo Karachi bayan kwana talatin da huɗu, Kwando da ƙafarta, taya biyu kawai ta ci. An yi bikin Zarrin da lokacin sanyi. Bayan biki da wata guda, Dilmurad ya je wurin masu kula da wani ƙaramin fili mai katanga a unguwa, ya roƙi awa biyu, Talata da Asabar bayan asuba, lokacin da maza ba su tashi ba. Zarrin ce mai horarwa, shi mai ɗaukar ragar ƙwallaye da tsaron ƙofa. Ranar farko yara shida suka zo, biyu ba takalmi. An yi maganganu a wurin mai shayi, ya zauna ya shanye shayinsa har ƙasan kofi, ya nemi ƙari. Gida gida ya bi yana zama da iyaye, wasu suka yarda, wasu suka ce sai sun yi shawara, wasu suka rufe ƙofa. Kafin shekara ta zagayo yaran sun kai ashirin da uku. Wasansu na farko da wata makaranta an ci su bakwai ba ko ɗaya, suka dawo a mota suna waƙa.

Da bazara ta gaba Malama Nigar ta bugo waya ta ce lambu yana nan, fili yana nan, ɗalibanta suna tambaya. Iyaye goma sha uku suka sa hannu a tafi da yaran. Aka samo bas, uwaye huɗu suka ce ƙafarsu ƙafar 'ya'yansu, Granaz ta koma kan keke ta ɗinka tantuna uku.

Da asubar tafiya, an gama lodi, direba ya tayar da inji, sai ga wani tela mai suna Nabi Dad yana sauri, 'yarsa Mahikan a bayansa da jaka. Ita ce mai tsaron ragar ƙungiyar, kuma sau uku Dilmurad yana zuwa shagonsa kan maganar tafiyar yana dawowa ba amsa. Telan ya tsaya yana haki, ya miƙa wata rigar sanyi mai kauri, sabuwa fil, ba a ma gama tsinke zaren hannun rigar ba.

"An ce can akwai sanyi, Ustad. Ban san awon sanyinsu ba, na dai sa auduga biyu."

"Za ta isa, Waja," in ji Dilmurad, yadda suke kiran mutum da girmamawa.

"In ta faɗi a kan dutse fa?"

"Za ta faɗi. Akwai ma'aikaciyar jinya a motar."

Nabi Dad ya gyaɗa kai, ya dafa kan 'yarsa, ya ja baya. Zarrin ta matsa mata wuri kusa da taga, aka rufe ƙofa, bas ta kama hanyar Haidarabad.